Samfurin Rifkatu da Ranar Taron Miri

Nasiru, na ji abin da ka faɗa wa baƙin nan da suka zo daga Gombe kwanakin baya, cewa samfurin da kuke fara kowane aiki da shi a shago ni na ƙirƙiro shi. Ina zaune a gefe ina jin ka, ban tanka ba, don ba na son in ƙaryata ka a gaban mutane. Amma abin ya tsaya mini a rai. Na san ba da gangan ka yi ba. Abin da ka taso ka ji ana faɗa ke nan, ni kuma ban taɓa zama na gyara zancen ba saboda yabon yana mini daɗi. Yanzu ido ya yi rauni, hannu ya fara rawa a kan madannai, gara in rubuta muku yadda abin ya faru, kai da Maryam da ƙannenku. Ba ni na yi shi ba. Hasali ma, a duk garin Bauchi ni ne mutumin farko da ya ƙi shi.

Kun san da tafireta na fara cin abinci, a wani ofishin gwamnati. Da kwamfuta ta shigo, abokan aikina da yawa suka tsorata da ita, ni kuwa na maƙale mata. Daga baya na ajiye aikin na kama ɗakuna biyu a unguwar Gwallaga. A na gaba ana buga takardu da yin kwafi, a na baya kuma nake zama ni kaɗai ina koyon rubuta manhaja daga tsofaffin littattafai, ina da shekara arba'in da 'yan kai. Babu wanda ya koya mini, kuma wannan ne ya sa mini girman kai. Na yi wa makarantu manhajar fitar da sakamakon jarrabawa, na yi wa masu kantin magani ta lura da kayansu. Duk aikin da aka kawo, ko dai in fara daga farin shafi, ko in kwafo wani tsohon aiki in bi ina goge sunan mai shi ina sa na sabon. Wata rana wata makaranta a Fadaman Mada ta raba wa iyaye sakamako da sunan wata makarantar a ƙasan takardar, don na manta wuri ɗaya ban goge ba. Kwamfutata cike take da foldoji masu suna irin su "na ƙarshe", "na ƙarshe sosai", "wannan ne na gaskiya", kuma ni kaɗai na san wanne ne wanne, wani lokacin ma ni ɗin sai na yi ta buɗewa ina dubawa. Idan aiki ya kammala, sai in zuba shi a filash, ɗan abin nan na ɗaukar bayanai, in hau mashin, in je in saka wa mai shi da hannuna. Idan ya lalace in sake hawa mashin. Haka na yi shekara goma, kuma a ganina haka ake yi.

A shekarar da na cika hamsin da uku ne maƙwabcinmu Malam Bulus, mai gyaran wayar lantarki, ya zo ya same ni a shago. Ya ce ƙanwarsa Rifkatu ta dawo daga Jos saboda an yi wa mijinta, wanda malamin makaranta ne, canjin wurin aiki zuwa Bauchi. Ya ce ta iya irin wannan aikin nawa, ko zan duba ta. Na amsa ne don kunyar maƙwabtaka, ina tunanin in sa ta buga takardu a ɗakin gaba. Washegari ta zo. 'Yar ƙaramar mace ce, shekarunta ba su wuce talatin da biyar ba, da tabarau mai igiya da tsohuwar kwamfutar hannu a cikin jakar da ta fi kama da ta cefane. 'Yar Bogoro ce, Hausarta irin ta mutanen kudancin jiharmu, tana iya ce wa mace "ya zo" ba ta damu ba. Ta gaida ni da ladabi, ta zauna, na nuna mata ayyukana ina jiran ta yaba. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗago.

"Malam, ina kake ajiye gwaje-gwajen?"

"Wane gwaji?"

"Wanda zai nuna maka cewa gyaran yau bai ɓata aikin jiya ba."

"Ni ne gwajin," in ji ni. "Idona ne."

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi musu ba. Ta ce in ba ta izini ta nuna mini wani abu. Ta buɗe kwamfutarta ta rubuta layi ɗaya, sai kwamfutar ta jefo mata tambayoyi: mene ne sunan aikin, da wane harshe masu amfani za su karanta shi, akwai intanet a wurin ko yana zuwa yana ɗaukewa. Ta amsa. Kafin in gama gyara zama, sai ga sabon aiki ya tsaya da ƙafafunsa. Ga shafin shiga da kalmar sirri, ga wurin ajiye bayanai, ga ɗakin gwaje-gwaje, ga wani ɗan littafi da ake rubuta duk canjin da aka yi da ranar da aka yi shi. Kowane abu yana da wurinsa, kuma wurin ɗaya ne a kowane aiki. Ita tana ce masa tamfilet, ni na riƙa ce masa samfuri, sunan kuma ya bi shi har yau. Abin da ta fi ji da shi shi ne wanda take kira ƙofa. Duk lokacin da za a saki manhaja ga mai ita, sai kwamfutar ta bi gwaje-gwajen ɗaya bayan ɗaya. Idan duk sun wuce, alama ta yi kore, manhajar ta tafi da kanta ta intanet, ɗauke da lambar da ke nuna karo na nawa ke nan. Idan ko ɗaya ya faɗi, alama ta yi ja, babu abin da zai fita. Ta gaya mini gaskiya tun a ranar cewa ba ita ta haƙa tushensa ba. Wasu mutane ne da ba ta taɓa gani ba suka sa shi a intanet kyauta, ita kuma ta yi shekara uku tana sassaƙa shi don ya dace da mu: ya jure ɗaukewar wuta ba tare da bayanai sun lalace ba, ya jira idan babu sabis, ya san ƙ da ɗ da ɓ kada ya mayar da Ɗanladi wani abu daban.

Abin da ta tsayar a cikin minti biyar, ni yakan ci mini mako shida. Maimakon in yi murna sai na ji zafi. Na ce mata wannan aikin malalata ne, wanda bai aza tubalin farko da hannunsa ba bai san gininsa ba. Ta ce to, ta rufe kwamfutar. Na ba ta ƙananan gyare-gyare, ta riƙa yi a cikin hargitsina ba ta ƙorafi, wata biyu cur.

A lokacin akwai wani aiki a hannuna da ya fi duk waɗanda na taɓa yi girma. Hajiya Talatu, wadda kowa ke kira Sista, tsohuwar nas ce da ta yi ritaya ta buɗe ƙaramin asibitin haihuwa a Miri, can bayan gari. Damuwarta ita ce mata suna zuwa awon ciki sau ɗaya su ɓace, sai ranar da naƙuda ta zo da matsala a kawo su a kan mashin. Ta ce in yi mata manhajar da za ta riƙe rajistar duk wadda ta zo asibitin, ta kuma riƙa aika saƙon waya tana tuna wa masu ciki ranar awo. Na yi wata biyar a kai. Aikin ya yi girma har ya fi ƙarfin idona. In na gyara nan sai can ya ɓalle, in na ɗaure can sai nan ya kwance. Sista tana kira kowace Litinin, ina ce mata saura kaɗan. Ran nan Rifkatu ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina ta ce idan na yarda mu kwashe aikin mu zuba a cikin samfuri, ba za a zubar da abin da na rubuta ba, za a dai jera shi ne, kuma cikin mako uku za mu san inda muke.

Na kai maganar gida, ba don neman shawara ba, sai don in samu masu taya ni ƙi. Lokacin muna zaune a babban gida tare da Inna, kakarku, da Yaya Garba da iyalinsa. Muna cin tuwo bayan magariba na ba da labarin. Yaya Garba, wanda ke da rumfar yadi a kasuwa, bai ma bari na kai ƙarshe ba.

"Sule, wata biyu da zuwanta har ta fara koya maka sana'arka? Gobe kuma sai ta ce ka ba ta makullin shago."

Inna ta ce ita dai abin da ta sani shi ne yarinyar tana durƙusawa ta gaishe ta duk lokacin da ta wuce, sauran kuma ba ta gane ba. Ummanku tana gefe tana warware wani ɗinki, ba ta sa baki ba sai da Yaya ya fita.

"Malam, ka san kwalayen nan da nake ajiyewa a ƙarƙashin keke?"

Na ce na sani.

"Da su nake yanka wuya da hannu. Wasu ma ba ni na fitar da su ba, a wurin matar da ta koya mini na samo. Ka taɓa jin an ce rigar da na ɗinka ba tawa ba ce? Ni dai na ga wata biyar ke nan ba ka cin abinci da daɗi."

Da safe na ce wa Rifkatu ta kawo abin nata mu gwada.

Mako ukun nan ban taɓa yin karatu mai wuya irinsa ba. Tana zaune a gefena, muna ɗauko abin da na rubuta gutsure-gutsure muna sa kowanne a mazauninsa. Duk wanda muka ɗauko sai ta tambaye ni me ya kamata ya yi, in faɗa, ta ce to mu rubuta gwajin da zai tabbatar yana yin hakan. Sau da yawa sai in buɗe baki in ga ban san amsar ba, alhali ni na rubuta shi. Ba ta taɓa nuna ta lura ba. Sai ta ɓare gyaɗarta, don kullum da ƙullin gyaɗa a jakarta, ta ce mu bi shi a hankali mu gani. A ƙarshen mako na uku alama ta yi kore daga sama har ƙasa. Na kira Sista na ce ta sa rana. Ta sa Alhamis, ta kuma ce za ta yi ɗan taro, ta gayyaci mai unguwa da mazajen matan, don sai maza sun yarda saƙon zai yi amfani, tunda yawancin lambobin wayar da ke rajista nasu ne. Da Yaya Garba ya ji, sai ya manta da ƙin da ya yi. Ya je da kansa ya gayyato wani abokin cinikinsa, Alhaji Ɗanjuma, mai ƙananan asibitoci a garuruwa uku, ya ce ya zo ya ga aikin ƙaninsa da idonsa, in ya yi masa a yi masa irinsa.

Ranar Laraba Rifkatu ta nemi izini ta ce za ta je Miri ta ga yadda ake rubuta sunaye a babban littafin rajista. Na ce ta je, ban ɗauki abin da muhimmanci ba. Ranar Alhamis na iso shago da ƙarfe takwas, sanye da sabuwar shadda, na tarar ta riga ni. Ta juyo mini da fuskar kwamfutar. Alama ta yi ja.

"Me ya faru? Ba shekaranjiya kore ne ba?"

"Na ƙara gwaji ɗaya, Malam. Na sa mata biyu masu suna ɗaya, sunan uba ɗaya, unguwa ɗaya. Manhajar ta haɗe su ta mayar da su mutum ɗaya. Saƙon wannan zai iya tafiya wayar waccan."

Na san wurin. Ni na rubuta shi tun watan farko: manhajar tana gane mace ne da sunanta da na unguwarta. Na tambaye ta gyaran zai ɗauki awa nawa. Ta ce ba awa ba ne, sai an koma gane kowace mace da lambar katinta, sai kuma Sista ta bi tsofaffin katunan da ba su da lamba ta sa musu. Kwana uku in an yi sauri, mako ɗaya in ana son a tabbata. Taro kuwa ƙarfe goma sha ɗaya ne.

"Rifkatu, mata nawa ne za su zo da suna ɗaya, uba ɗaya, unguwa ɗaya? Ki cire gwajin nan, mu saki, mu gyara daga baya."

"A layinmu kaɗai Ladi Bulus biyu ne, Malam. Ba zan cire ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tuna mata cewa shekara goma ina sakin aiki babu wata ƙofa, kuma ba ta isa ta rufe mini hanya a cikin shagona ba. Na ɗauko filash, na kwafe manhajar a gabanta kamar yadda na saba, na jefa a aljihu. Ba ta tashi daga kujerarta ba, muryarta ma ba ta canza ba.

"Shagonka ne, kuma aikinka ne. Abu ɗaya nake roƙo. Kafin ka saka, ka ce Sista ya nuna maka Hauwa Musa."

Na hau mashin na kama hanyar Miri. An yi ruwa da asuba, manoma sun fita, ana ta huɗa a gonakin bakin hanya. Ina tafe ina shirya maganganun da zan gaya wa Rifkatu in na dawo, har da cewa ta nemi wani wurin. Da na isa na tarar an kafa rumfa, an jera kujerun roba, mata sun cika gefe ɗaya da goyo, maza a ɗaya gefen, ana gwada lasifika. Yaya Garba ya taro ni da fara'a ya kai ni na gaisa da Alhaji Ɗanjuma. Daga nan na shiga ofishin Sista don in saka manhajar. Na zauna a gaban kwamfutarta, na fito da filash ɗin, har na cire murfinsa. Ban san abin da ya sa na yi tambayar ba. Ina jin so nake in tabbatar wa kaina cewa Rifkatu ta cika tsoro.

"Sista, kuna da wata Hauwa Musa a rajista?"

"Wacce daga ciki?"

Ta jawo babban littafin tana lasar yatsa tana buɗewa. Uku ne. Ɗaya daga wani ƙauye take, biyu kuwa unguwarsu ɗaya, bayan masallacin Juma'a. Ta farko tana da ciki wata bakwai. Ta biyu zazzaɓi ne ya kawo ta watan jiya. Mijinta ya tafi kudu neman kuɗi, ya fi shekara bai zo gida ba, lambar da aka rubuta mata kuma ta yayan mijin ce, wanda take zaune a gidansa. Na san kalmomin saƙon da ka, don ni na tsara su: Hauwa Musa, cikinki ya shiga wata na bakwai, ki zo awo ranar Litinin. Na karanta wa Sista, na gaya mata wayar da zai iya faɗawa. Ta dafe ƙirji.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Sule, ai da an kashe aure. Wa zai tsaya ya saurari cewa kwamfuta ce ta yi kuskure? Yarinyar nan ko fita ba ta yi sai da izini."

Na mayar da murfin filash ɗin. Sista ta ce za ta iya fita ta ce wuta ce ta ba da matsala, kowa zai yarda. Na so in karɓa, wallahi na so. Amma na ga idan na fara da ƙarya a gaban mazajen da ake so su amince da saƙon, ban san inda zan tsaya ba. Na fita na karɓi lasifika. Na yi sallama, na ce aikin bai kammala ba, akwai kuskure a cikinsa wanda ni na yi, abokiyar aikina ce ta gano shi da safen nan, kuma ba zan saka abin da zai iya aika sirrin gidan wani zuwa gidan wani ba. Na ba su haƙuri a kan gonakin da suka bari suka zo. Guna-guni ya tashi daga baya. Wani ya ce da ma ya faɗa, wani ya yi dariya. Mai unguwa ya yi addu'a a taƙaice aka watse. Alhaji Ɗanjuma ya ba ni hannu ya ce Allah ya taimaka, ya shiga motarsa. Yaya Garba ya jira sai da motar ta tashi.

"Ka kunyata ni, Sule. Na ɗauko mutum tun daga gidansa, ka tsaya a gabansa kana tallan kuskurenka. Saboda maganar ma'aikaciyarka."

Abin da ya biyo baya kun ga wani da idonku, ko da yake kuna yara. Alhaji Ɗanjuma ya ba wasu mutanen Jos aikinsa. Labari ya zaga Gwallaga, a teburin mai shayi aka sa mini suna Malam Bai-Kammala, har ke Maryam kika dawo daga makaranta kina kuka an kira ki da shi. Makarantu biyu da muke magana da su suka ja da baya. Kafin ƙarshen damina sai da muka saki ɗakin gaba, muka matse a na baya. Yaya Garba bai sake taka sashenmu ba sai da Babbar Sallah, shi ma don Inna ta ce ba za ta ci naman kowa ba sai ta gan mu a tabarma ɗaya. Ba na so ku ɗauka cewa daga na yi abin da ya dace sai komai ya yi daɗi. Shekarar ta yi mana tsanani, ummanku ce ta riƙe gidan da kekenta, ba ta kuma taɓa yi mini gori ba.

Amma bari in koma ranar. Da na dawo shago bayan azahar, na tarar da Rifkatu a inda na bar ta, ta riga ta fara gyaran. Ba ta tambaye ni komai ba. Na ajiye filash ɗin a kan tebur.

"Ban saka ba."

"To, jawo kujera, Malam. Na kai wurin da sai kai za ka gane shi."

Kwana tara muka yi. Sista da ma'aikatanta suka bi katunan ɗaya bayan ɗaya suna sa lamba. Ranar da alama ta koma kore babu rumfa, babu lasifika, mu biyu ne kawai a ɗaki da ƙarar janaretan maƙwabta. Ta turo mini kwamfutar ta ce ni zan danna. Na danna, na zauna ina kallo manhajar ta tafi Miri ba tare da na taɓa makullin mashin ba. Bayan 'yan mintoci Sista ta kira ta ce ta gani, ya buɗe. Daga baya na leƙa ɗan littafin canje-canje in ga abin da Rifkatu ta rubuta. Layi ɗaya ne: yanzu ana gane kowace mace da lambar katinta. Babu sunana, babu zancen wanda ya yi kuskure, babu zancen wanda ya gano. Na tambaye ta dalili, ta ce littafin na aiki ne, wanda zai zo bayanmu yana buƙatar ya san abin da ya canza ne kawai.

Shekara huɗu ta yi tare da mu. A cikinsu ta koya mini aikin da nake zaton na iya, ta koya maka kai ma, Nasiru, lokacin da ka gama makaranta, ko da yake kai ka ɗauka ni nake turo ta. Duk aikin da ya fita daga shagon nan tun daga ranar, ta ƙofar nan ya bi. Ranakun Asabar kuma takan tara masu irin sana'armu na garin nan, har da waɗanda muke takara da su, ta nuna musu samfurin ta ba su kyauta. Na yi mata magana sau ɗaya, na ce tana raba wa abokan hamayya makaminmu. Ta ce ita ma haka ta same shi, kuma matan da ke zuwa asibitocin da waɗancan za su yi wa aiki ba su yi mata laifin komai ba. Ban sake tayar da zancen ba.

Da mijinta ya yi ritaya suka yanke shawarar komawa gida Bogoro. Ranar da za ta tafi ummanku ta yi mata dambu da miyar taushe, Inna ta ba ta turmin atamfa, Yaya Garba da kansa ya aiko da yadi. Na raka ta bakin titi muna jiran keke Napep, sai na yi mata tambayar da ta daɗe a raina.

"Rifkatu, ran nan da na tafi Miri da filash, da na saka fa? Me za ki yi?"

Ta gyara tabarau ta yi murmushi.

"Kana fita na rubuta takardar barin aiki, na sa a jaka. Na ce in ka dawo ka ce ka saka, zan taya ka gyarawa tukuna, saboda matan, sannan in miƙa maka."

"Ina takardar?"

"Na ƙulle gyaɗa da ita, Malam. Kai ma ka ci."

Keke ya tsaya, ta shiga da jakarta, ta ɗaga mini hannu.

Tana nan da ranta, tana noman gyaɗa da acca, tana koya wa 'yan matan cocinsu kwamfuta a ƙarƙashin bishiya. Malam Bulus ya san gidan. Ku shirya ku je ku gaishe ta tun ina da rai, ku tafi da jikokina, kuma in kun isa ku durƙusa.